Tayar da babur ɗin Baba

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau muka fito da shi. Ni da ƙanena muka kwashe buhunan masara da tsofaffin kwanon rufi da aka jingine masa, muka ja shi daga ɗakin ajiya zuwa tsakar gida. Tayoyin biyu duk sun kwanta, sun tsattsage. Honda CG 125 ne ja, sai dai jan ya koɗe har ya koma ruwan ƙasa. Baba ya saye shi a 1979 da bashin babur da ake ba malaman makaranta, ana zara daga albashi wata-wata. A lokacin, shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fara a 1976, ya cika ƙauyuka da azuzuwa, malamai kuma ba su wadata ba, sai a tura mutum inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Da babur ɗin nan Baba ya yi shekaru yana tashi daga Ƙofar Doka a Zariya bayan asuba zuwa ƙauyukan Giwa, daga baya na Soba. A 2006 idonsa ya fara rauni, ya kafe shi a ɗakin nan, ya ce kada wanda ya sayar.

Ɓeraye sun cinye soson kujera. Zanzaro ya gina gida a bakin salansa. Sarƙa ta ƙame kamar sanda. Na ɗora ƙafa a kan kik, ko motsi bai yi ba, wato fistin ya kama. Tanki kuwa da na buɗe, wani wari ya buge ni irin na tsohon fenti.

Abin da ya zaunar da ni shi ne ɗan littafin da na tarar cikin murfin gefe, naɗe a leda tare da sifanu biyu. Tun daga 1979, duk ranar da Baba ya juye baƙin mai ya rubuta: kwanan wata, lambar da mita ta nuna, da kuɗin da ya biya. Wasu layukan da boko, wasu da ajami. Ba a taɓa tsallake wata biyu ba sai a shekarar da ya je aikin Hajji.

Ya ce a turo masa babur ɗin kusa da buzunsa. Ya shafa tanki, ya laluba har ya kai ga wata lotsawa a gefen hagu, ya ce saniya ce ta yi ta a hanyar Maigana. Sannan ya ce, "Mai sunan Malam, in ba za ka iya ba, ka mayar da shi inda yake." Na ce in Allah ya yarda zan iya, Baba. Niyyata ɗaya ce: ya tashi da injinsa na asali, kuma ya kai mu filin Idi ranar ƙaramar Sallah.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na kai maganar majalisarmu ta teburin mai shayi a Tudun Wada, inda mu masu son babur muke haɗuwa bayan isha'i. Shayi ya huce ana gardama.

Mai Boxer, wanda acaba ce sana'arsa kuma ya fi mu duka sanin hanya, ya ce, "Malam, ka ji shawara. Sayi sabon inji ɗan China, rana ɗaya a ɗaura maka, ka huta." Maganarsa ba shirme ba ce. Da yawa daga cikin injinan China masu 125cc da 150cc daga jikin CG ɗin nan aka kwaikwaye su, kusan kai tsaye suke zama a mazauninsa. Kuma ga mutumin da babur ke ciyar da gidansa, kwana ɗaya a gareji asara ce. Amma ni ba abin hawa na rasa ba, ina da nawa. In na cire injin, me ya rage na Baba ban da tanki da lotsawar saniya?

Dattijon da ke zuwa da Vespa, wanda ba ya yawan magana, ya ajiye kofi ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Daga nan hira ta koma kan mai, kamar kullum. Lita ta haura naira 1,000. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, mutanen da muka sani da mota a Samaru da Kongo sun lulluɓe ta da tamfol sun koma babur. Mai Jincheng ya sha tsiya, don nasa irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur ne, ga hayaƙi ga shan mai. Ya kare kansa da cewa ba wanda ke riga shi tashi a danja, kuma injinsa ko yaro ya kwance ya mayar. Wannan ma gaskiya ne.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun loda shi a a-kori-kura zuwa Sabon Gari, wajen tsohon makanikin da Baba ya ce in nema. Na same shi a rumfarsa, gemu fari fat, yara uku suna aiki yana kallo. Kafin in gama gaisuwa ya zagaya babur ɗin, ya duƙa, ya nuna wata tsohuwar walda a matakin ƙafa na dama. "Ni na sa aka yi wannan. Kai ɗan Malam ne?" Daga yau Kawu nake ce masa.

Na zaci za a kwance inji nan take. A'a. Ya cire fulogi, ya haɗa kananzir da baƙin mai, ya ɗura ta ramin da mazurari, ya toshe da tsumma. Ya ce zoben fistin ne suka yi tsatsa suka manne da bangon silinda, in aka doke su da guduma za su kakkarye su yi wa bangon rami. "Ka je ka dawo. Kullum yaro zai ƙara masa. Gaggawa aikin Shaiɗan ce."

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Bai motsa ba. Kawu ya ce a ƙara mako.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ya saki! Kawu ya sa shi a giyar ƙarshe, muka riƙa tura shi gaba kaɗan, baya kaɗan, tayar baya tana jan inji a hankali. A karo na kusan ashirin muka ji wani ɗan ƙas, sai ga baƙin ruwa ya yi tsartuwa ta ramin fulogi ya ɓata wa yaron gareji riga. Na kira gida na ce a gaya wa Baba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Yini guda a gareji, kuma ban taɓa ƙaruwa a kan inji kamar yau ba.

Da aka ɗaga kan silinda, Kawu ya zaro wasu sanduna biyu siraru, kowace ba ta fi tsawon biro ba, ya miƙo mini. Ya ce sirrin CG ke nan. A yawancin babura sarƙar taimin ce ke hawa sama ta juya abin da ke buɗe bawul, kuma in mai ya yi datti ko ya yi ƙasa, can saman ne ke fara cinyewa. A wannan kuwa babu sarƙar taimin sam. Haƙoran giya ne ke juya kam, wato abin da ke buɗe bawul ɗin, a ƙasa, kusa da inda mai yake kwance, ƙulli ɗaya tak a jikinsa, shi ke tura sandunan nan biyu, ɗaya ta buɗe bawul ɗin shigar mai, ɗaya ta fitar hayaƙi.

Ba haka kawai aka yi shi ba. A 1974 Honda ta tura injiniyoyinta ƙasashe irin su Tailan, Indonesiya da Pakistan su ga yadda talaka ke amfani da babur. Suka tarar ana ɗora iyali guda a kai, ba a canja mai sai ya koma kamar kwalta, matacin iska ya toshe da ƙura, ba a zuwa wajen makaniki sai babur ya tsaya cak. Maimakon su ce mutane su canja hali, sai suka ƙera injin da zai jure halin mutanen. A 1975 ya fito, shekarar da marigayi Alhaji Shehu Idris ya hau sarautar Zazzau. Ko matacin iskarsa soso ne da za ka wanke, ka shafa masa mai, ka mayar. Wanda ya san ƙurar hunturu a hanyar Giwa ya san darajar wannan. Abin da ya sa nake ganin girman injin ke nan: an yi shi ne don a gyara shi a ƙarƙashin bishiya da sifanu huɗu.

Sai Kawu ya buɗe murfin dama, wajen kuloci, ya nuna mini wani ƙoƙon ƙarfe a bakin karanshaf. Matacin mai ne, amma ba na takarda ba. Juyawa yake da gudun inji, dattin da ke cikin mai ya watsu ya manne a bangonsa. Da ya cire murfinsa, abin da ke ciki ya daskare kamar tukunyar da aka manta a murhu, sai da sukundireba aka ƙwaƙule. Ya ce cikin masu irin wannan injin goma, da wuya ka sami ɗaya da ya san da shi. Akwai kuma 'yar rariyar waya bayan murfin juye mai a gefen hagu, ita ma ta toshe rabi.

Duk da haka karanshaf lafiya lau, boris ba ya kuka, haƙoran giya kamar jiya aka yanka su. Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Littafin nan na Malam shi ya ceci injin nan." Silinda ce kawai tsatsa ta ci. Faɗinta na asali milimita 56.5 ne, za a gurje ta a ƙara 0.50, a nemo fistin da zobe daidai da haka.

Asabar, 14 ga Disamba

Tanki. Na zuba masa noti kusan talatin da kananzir, na yi ta girgizawa har kafaɗa ta gaji, tsatsa tana fita kamar garin dawa. Abin da ya rage Umma ce ta ba da dabara. Ta jiƙa tsamiya mai kauri irin wadda take goge tukwanen ƙarfe da ita, muka cika tanki, ya kwana biyu. Da aka zubar, cikin ya yi haske. Muka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, in ba haka ba ƙarfen zai ci gaba da cinyewa, sannan ya yini a rana. Iskar hunturu ta taimaka, kafin la'asar ya bushe ƙarau. Na zagaya cikin da fetur haɗe da ɗan baƙin mai don kada sabuwar tsatsa ta kama.

Ƙananan huda biyu sun bayyana a ƙasa. Mai walda ya ƙi kusantar da wuta sai da ya sake wanke tankin da kansa ya cika shi da ruwa. Ya yi daidai. Tankin da babu mai a ciki sai tururinsa ya fi cikakke haɗari.

Na hana a buge lotsawar saniya.

Asabar, 28 ga Disamba

Kano, Ƙofar Ruwa. Na bi layukan tsofaffin kaya tun hantsi har azahar. Na samo murfin gefe na hagu na asali, da gilashin fitilar baya, da kan mita mai aiki. Fistin da zobe sababbi na saya, kuma a nan ne yawan injinan da aka kwaikwaya ya yi mini rana, don kayan CG ba sa wahalar samu. Wahalar ita ce bambance mai kyau da jabu, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Kawu ya riga ya koya mini: a auna nauyi a hannu, a duba bakin zobe ko an yanke shi sumul, kuma duk wanda kuɗinsa ya yi sauƙi fiye da kima a ajiye shi. Araha ba ta ado.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An gurje silinda, an mayar da inji da sababbin gasket. Tafet Kawu ya ɗaure da kansa, inji a sanyaye. Ratar da ake so milimita 0.08 ce, tsakanin kan bawul da abin da ke danna shi. Ya ce a da da reza suke aunawa, in ta shiga da ƙyar to ya yi. Na kawo masa ma'auni mai ganyayyakin ƙarfe da na saya. Ya ɗaure da hannu tukuna, sannan ya ce in gwada. Daidai ya fito, duka biyun.

Kafireta Keihin ce ta asali. Mun jiƙa ta kwana biyu, muka busa jet ɗinta har haske ya ratsa. Wani yaro ya ɗauko allura zai zura, Kawu ya daka masa tsawa: allura tana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya koma mashayin mai har abada.

Sai gardamar wuta. Babur ɗin mai bolt 6 ne, kuma da kwantak yake ba fulogi wuta, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. Yaran gareji ba su taɓa ɗaure kwantak ba, duk a zamanin CDI, akwatin lantarki mai ba da wuta ba tare da kwantak ba, suka taso. Sun ce a mayar da shi bolt 12, fitila ta fi haske, ba ruwanka da gyaran rata. A kan fitila suna da gaskiya, ta bolt 6 kamar aci-bal-bal take da dare. Na yi kwana biyu ina tunani. Na bar shi yadda yake, domin ba tafiyar dare zan yi da shi ba, kuma ina so yaran nan uku su ga yadda ake yi tun Kawu yana da ƙarfin nunawa. Ratar kwantak milimita 0.3 zuwa 0.4, ta fulogi 0.6 zuwa 0.7. Na rubuta a bayan littafin Baba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Koma baya. Na je ɗaure salansa da kaina, na matsa fiye da kima, kusar da ke jikin kan silinda ta karye a ciki. Na ji zafin abin ƙwarai, domin ƙarfen da ya shekara 45 lafiya a hannuna ya karye. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce tsohon ƙarfe ana sauraronsa da yatsu ne, ba da dantse ba. An kai wa mai injin huda, ya fitar da guntun ba tare da ya ɓata zaren ba. Mako guda ya tafi.

Tsohuwar salansar ma ƙasanta ya ruɓe, yatsa na shiga. Na sayi sabuwa ta kasuwa na ɗaura.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ya tashi.

Baƙin mai 20W-50 kusan lita ɗaya, fetur lita biyu, aka ja cok. Bugu na farko shiru, na biyu ya yi tari, na huɗu ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar na ɗan lokaci sannan ya washe. Kawu ya sa kunne kusa da kan silinda, ya rage sulo kaɗan, ya gyaɗa kai. Masu faci da masu sayar da rake na kusa duk suka taru.

Da yamma muka kai shi gida. Na kafe shi a tsakar gida na buga, ya tashi bugu ɗaya. Baba yana zaune, ya karkata kai yana saurare, ya daɗe. Ya ce in ba shi wuta kaɗan. Na ba shi. Ya ce in kashe.

"Injin nasa ne, na ji bugunsa. Allah ya yi maka albarka. Amma wannan ba muryarsa ba ce. Nawa ba ya ihu. Ko da asuba na fita, maƙwabta ba sa sanin na fita."

Salansar ce. Sabuwar kusan bututu ne kawai, cikinta babu komai. Na yi shiru, domin na san gaskiya ya faɗa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Takardu sun kammala, an ba da sabuwar lamba. Tsohuwar na rataye ta a ɗakin Baba. Sababbin tayoyi, sabuwar sarƙa 428 da sifoket gaba da baya, sabuwar fatar birki, an yi wa kujera soso da fata baƙa.

Fitar gwaji ta farko: Ƙofar Doka, Tudun Wada, PZ, Kwangila, Samaru, har Shika, na juyo. Ban wuce 50 a mita ba, don sabon zobe yana bukatar lallaɓawa har ya kwanta da bango, kuma haka zan yi ta yi har kilomita 500. Mai Boxer da mai Vespa suka raka ni, ɗaya gaba ɗaya baya. Ba shi da zafin tashi, amma a hawan gadar Kwangila bai nemi a rage masa giya ba. Birkin gaba yana da taushi, dole a fara kamawa tun daga nesa. Kan yana ɗan rawa in an shiga rami, boris ɗin wuya ne.

A Samaru wasu samari 'yan rakiyar biki suka wuce mu a guje, uku-uku a kan babur, ɗaya ya ɗaga tayar gaba, babu mai hular kwano ko ɗaya. Mai Boxer ya girgiza kai, ya ce shi da ya kwashi abokan sana'arsa zuwa asibitin Shika ba sau ɗaya ba, wannan ba ya burge shi. Ni ma haka. Tun Janairun 2009 aka tilasta sa hular, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, kuma har yau ana ganin mai sa ta kamar matsoraci. Tawa tana kaina, kuma na saya wa Baba tasa.

Da na dawo na juye man gwajin tun yana da ɗumi, akwai ɗan ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki kamar yadda Kawu ya ce za a gani. Na buɗe littafin, ƙarƙashin layin ƙarshe na 2006, na rubuta na yau.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Aiki zai ragu. An canja boris ɗin wuya, rawar ta tafi. Mita ta nuna kilomita 210 tun gyara.

Asabar, 22 ga Maris

Na ɗauki tsohuwar salansa zuwa Panteka a Kaduna, bayan na nemi irinta ta asali a Zariya da Kano ban samu ba. Wani maƙeri ya tsaga ta a gabana. Ashe cikinta ɗaki-ɗaki ne, faranti uku masu huda da bututu suna juya hayaƙi gaba da baya kafin ya fita, abin da ke haɗiye ƙarar ke nan. Faranti biyu suna da rai, ɗaya ya cinye. Ya ce zai yanka sabo a kan ma'aunin tsohon, ya naɗe sabuwar riga daga waje, ya bar cikin yadda Japanawa suka tsara shi. Kuɗin aikin ya fi na sabuwar salansar da na saya. Na biya rabi.

Alhamis, 27 ga Maris

Maƙerin ya kira, ya gama walda, saura gogewa da fenti mai jure zafi. Ƙanena zai karɓo gobe bayan Juma'a. Sallah Lahadi ko Litinin, ya danganta da ganin wata, don haka Asabar kaɗai gare mu mu ɗaura, kuma Kawu ya ce wannan karon shi zai riƙe sifana.

Jiya bayan shan ruwa na gwada wa Baba hular kwano, ta zauna daidai a kan ƙube ɗinsa. Ya tambaya ko matakin ƙafa na baya yana nan da ƙarfinsa, don shi bai taɓa zama a bayan babur ɗin nan ba. Na duba da tocila: na hagu yana lilo, notinsa ya ci zare. Na sa shi cikin kayan Asabar, tare da wayar birkin gaba da kwan sigina na dama. Fentin tanki sai bayan Sallah. Mita tana kan 340.